Tarkwa: Zinariya Tana da Takardu, Mu Fa?

Mutanen Wassa sun daɗe suna haƙar zinariya kafin zuwan Turawa, amma daga ƙarshen shekarun 1870 ne kamfanoni suka yi wa Tarkwa ca. Da layin dogo ya taso daga Sekondi, ya iso Tarkwa a 1901, ya kai Kumasi a 1903, sai jama'a suka yi ta kwararowa daga arewa: leburori, fatake, mahauta da malamai. Cikinsu har da kakanninmu da suka kafa zango.

Duk wanda ya leƙa ma'ajiyar takardun gwamnati a Sekondi ko Accra zai tarar da yarjejeniyoyin filayen haƙa, rahotannin jami'an mulkin mallaka da bayanan shari'u. Suna da amfani, sai dai masu mulki da masu kamfani ne suka rubuta su, kuma yawan leburori ya fi damunsu a kan asalinsu.

Namu tarihin yana gidajen sarakunan zango da limamai, cikin wasiƙun ajami, takardun filaye da rasitan haraji, sauran kuma yana bakin dattawa. Gara na cin takardun, dattawan kuma suna ƙarewa.

Kada mu ɗauki wannan da wasa. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta raba iyalai da garuruwan da aka haife su, saboda rashin takarda.

Don haka mu ɗauki hoton kowace takarda da waya, mu naɗi muryoyin dattawa, mu kai kwafi Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon, inda ake adana rubuce-rubucen Larabci da ajami tun shekarun 1960. Mu fara da akwatin gidanmu.