Damben Turawa da Amanar Hankali

A wannan mako za mu duba makomar 'yan damben Turawa, watau masu naushin juna da safar hannu don neman kuɗi. Jama'a suna ganin ranar nasararsu, amma kaɗan ne ke tambayar inda suke ƙarewa.

Ɗauki misalin Ad Wolgast, mutumin Amurka. A shekarar 1910 ya ci kambin duniya na marasa nauyi bayan an yi turmi 40 ana dukan juna. A 1917 kotu ta yanke cewa ba ya iya kula da al'amuransa. Ya yi shekaru yana tashi kullum yana motsa jiki, yana shirin wani dambe da babu shi sai a cikin kansa. A 1927 aka kai shi asibitin masu taɓin hankali a jihar Kalifoniya, kuma a irin wannan asibiti ya mutu a 1955. Haka nan Joe Louis, wanda ya riƙe kambin masu nauyi daga 1937 zuwa 1949, an kwantar da shi a asibitin ƙwaƙwalwa a jihar Kolorado a 1970, yana ganin kamar ana farautar ransa.

Ba kowane ciwon hankali ne naushi ke jawowa ba, amma likitoci sun daɗe da gane ɓarnarsa. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai. Duk lokacin da naushi ya sauka, sai ta girgiza ta bugi ƙashi, jijiyoyinta su raunana kaɗan kaɗan. Tun 1928 wani likitan Amurka, Harrison Martland, ya bayyana alamomin abin: nauyin harshe, rawar hannu, tangaɗi kamar na mashayi, daga baya sai mantuwa da ruɗewa. A 1973 kuma likita Corsellis da abokan aikinsa a Ingila suka binciki ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan dambe 15 bayan mutuwarsu, suka ga lahanin ƙuru-ƙuru.

To, ina matsayin Shari'a? Malaman usulu sun ce ta zo ne don tsare abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Don tsare hankali aka haramta giya. In kuwa an hana abin da ke gusar da shi na dare ɗaya, yaya sana'ar da ke iya gusar da shi har kabari? Ga kuma hanin dukan fuska da ya tabbata a Buhari da Muslim. Saboda irin waɗannan dalilai ne majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta haramta wannan dambe a zamanta na 1987. Ya kamata masu sha'awar dambenmu na gargajiya su ma su yi tunani, domin kai ɗaya ne, ko da safa aka buge shi ko da zare.

Ya ku 'yan kasuwa, in haja ta ƙare akan saro wata, amma ba a taɓa jin kasuwar da ake saro hankali ba. Ku kuma ma'aikata, kuna da fansho in ƙarfi ya ƙare. Akasarin 'yan dambe ba su da wannan. Mai shirya wasa ya kwashe ribarsa, 'yan kallo sun watse, an bar iyali da jinya.

Sai dai hukuncin sana'a daban, haƙƙin majinyaci daban. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, ba abin dariya ko jifan yara ba ne. Magabatanmu sun keɓe wa irinsa wuri a asibitin Mansuri da aka gina a Alƙahira a 1284, ana ciyar da shi ana yi masa magani da dukiyar waƙafi. Kai mara lafiya asibiti neman magani ne, kuma Shari'a ta yarda da shi. Abin zargi shi ne a kai shi a juya baya, ba ziyara ba tambaya.

Allah Ya tsare mana hankulanmu, Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.