Karatu Bai Mutu Ba, Ciniki Ne Ya Bar Rumfa

Duk taron marubutan da aka yi a birnin Kano, sai wani ya miƙe ya yi wa karatun Hausa ta'aziyya. Wai waya ta kashe littafi, wai yaran yanzu shirme suke rubutawa. Mu da muka daɗe muna rubutu daga nan Ruwan Bago, a ƙaramar hukumar Rogo, ba mu karɓi wannan gaisuwar ba, don ba mu ga gawa ba.

Abin da ya mutu shi ne tsohon tsarin da ya ɗaure kowa a birni. A da, in ka gama labari a ƙasar Ƙaraye ko Rogo, sai ka hau mota ka kai shi Kano, ka biya maɗaba'a daga aljihunka, ka zube wa dillali a kasuwar Sabon Gari, sannan ka yi ta sintirin karɓar kuɗinka kaɗan-kaɗan. Littafin da aka rubuta a ƙauyenmu sai ya kwana a birni kafin ya dawo mana ranar kasuwa, shi ma galibi haya ake ba da shi, ya zaga gida goma har bangonsa ya fita. Yau matar aure a Zarewa ko Fulatan tana tura babi da daddare, kafin asuba an karanta shi a Maraɗi da Jidda. Wannan ne mutuwar?

Abin takaicin, masu yi wa marubutan waya tsiya sun san ɗacin raini. Lokacin da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa suka cika gari da littattafai, me ba a faɗa ba? Aka laƙaba wa aikin suna Adabin Kasuwar Kano, aka ce ba zai yi ƙarko ba. Har ƙungiya marubutan suka kafa mai suna Raina Kama. A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, an cinna wa irin waɗannan littattafai wuta da sunan gyaran tarbiyya. Yanzu a kansu ake rubuta digiri a jami'a. Wanda aka taɓa ƙona wa littafi bai kamata a ji shi yana kiran na bayansa 'yan shirme ba.

Eh, akwai ɓarna a rubutun waya. Ƙa'idar rubutu ta sha kashi, ana haɗa kalmomin da ya kamata a raba, wasu kuma batsa suke sayarwa tsagwaronta. Amma wa ya zauna ya gyara musu? Gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun daga 2016, ta nuna abin da matan nan ke iya yi in an ba su fili da alƙalai.

Babbar cutar kuwa sata ce. Yarinya ta kwashe wata shida tana rubutu, ta sayi data, ta biya cajin waya a shago don wuta ba ta zama, sai mutum ɗaya ya saya ya watsa a WhatsApp. Wani ya karanta shi a YouTube ya ci kuɗin talla, ko sunanta bai ambata ba. OkadaBooks da wasu suka dogara da shi ya rufe a 2023. A shekarar ce kuma aka sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, amma marubuta nawa aka yi wa bayaninta da Hausa?

Nan muke son ganin ƙungiyar ANA reshen Kano da manyan da ke cikinta. A rage bikin ƙaddamarwa a otal, inda attajiri ke sayen kwafi ɗaya ya ajiye ba ya buɗewa. A samo lauya ɗaya da zai bi masu satar nan. A shirya bitar ƙa'idar rubutu a Ƙaraye ko Rogo ko da sau ɗaya a shekara, ajin makaranta ya isa, za mu kawo tabarmi.