Ku Saki Kwaɗon Japan, Ba Shi Ya Sace Mana Yara Ba

A 'yan kwanakin nan saƙon murya yana yawo a wayoyin iyaye, daga Briqueterie ta Yawunde har New Bell ta Duwala, ana gargaɗi da wani shuɗin kwaɗo da yara ke liƙawa a jakunkunan makaranta. Wai aljani ne, wai sunansa kalmar tsafi ce. Na saurari saƙon har ƙarshe, kuma ina faɗa da babbar murya cewa wannan magana ba ta da tushe. Rashin sani ya fi dare duhu.

Sunan kwaɗon Greninja, yaranmu masu karatun Faransanci kuma suna ce masa Amphinobi. Ɗaya ne daga halittun wasan Pokémon, kuma ya fara fitowa a 2013 cikin wasan Pokémon X da Y. Yakan fara da ɗan ƙaramin kwaɗo, ya girma sau biyu har ya zama mayaƙin ɓoye mai naɗe wuya da harshensa kamar rawani, yana jifa da makaman ruwa. A ƙuri'ar da aka yi a 2020, shi masoya wasan na duniya suka zaɓa gwarzon shekara. Kalmar Pokémon kuwa taƙaitawa ce ta kalmomi biyu masu nufin dodannin aljihu.

Wanda ya ƙirƙiro wasan, Satoshi Tajiri, ya tashi a Machida kusa da Tokyo yana kamun ƙwari a gonaki da bakin tafkuna. Da birni ya cinye wuraren, sai ya so yaran da ba su ga abin da ya gani ba su ɗanɗana daɗin tattara halittu. Haka wasan ya fito a 1996. Akwai wata halitta a ciki, Poliwag, mai zanen murɗe a ciki. Hanjin talibambam ne da ake hangowa ta fatarsa. Shi kuma kwaɗo mayaƙi yana da magabaci a tatsuniyoyin Japan, wato Jiraiya, jarumin da ke hawan ƙaton kwaɗo. Ashe mutanen nan tafkinsu da tatsuniyarsu suka ɗauka, suka yi musu sabuwar riga, suka sayar wa duniya.

Ban ce wasan ba shi da aibu ba. Malaman Saudiyya sun yi fatawa a kansa tun 2001, kuma daga cikin dalilansu akwai kamar caca da ke cikin katunansa. Wannan magana ce ta ilimi, ana iya zama a tattauna ta. Uban da ya ga ɗansa yana ɓarnar kuɗi ko yana raba dare a kan waya yana da haƙƙin tsawatawa. Amma tsawatarwa daban, ƙirƙirar ƙarya daban. Ranar da yaro ya bincika ya gano cewa labarin aljanin ƙage ne, ranar zai fara shakkar sauran abin da muke gaya masa, har da gaskiyar.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu da muke zaune tsakanin wasu harsuna, inda makaranta da kasuwa da talabijin duk ba da Hausa suke magana ba, ɗakin kaka ne makarantarmu ta harshe. Yaushe rabon da a gidanku a ce “ga ta nan, ga ta nanku” bayan sallar isha? Yaron da zai jero maka sunayen Grenousse da Croâporal da Amphinobi ba tare da tuntuɓe ba, tambaye shi matar Gizo. Tambaye shi mene ne burduddugi. Idan ya yi shiru, kwaɗon Japan bai hana shi sani ba. Mu ne ba mu faɗa masa ba.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A 2002 wasu masana a Ingila sun wallafa bincike a mujallar Science da ya nuna yara 'yan shekara takwas sun fi gane halittun Pokémon a kan dabbobi da tsirran ƙasarsu. Masanan ba su nemi a ƙona katunan ba. Sun ce masu kare halittu su koyi darasi daga dabarar wasan.

Abin takaicin shi ne, kwaɗin da suka fi na wasan ban mamaki suna nan Kamaru. Kwaɗo mafi girma a duniya, Goliyat, yana rayuwa a kogunan kudu maso yammacin ƙasar nan da Ikwatoriyal Gini. Yakan wuce kilo 3, kuma farauta da sarar daji sun sa shi cikin haɗarin ƙarewa. Akwai kuma kwaɗo mai gashi, wanda idan an takura shi yake ɓalla ƙashin yatsunsa ya huda fata ya fito da farata. Da a Japan waɗannan suke, da tuni suna kan jakar kowane yaro.

Don haka ga abin da nake nema. Mai tura saƙon nan ya daina. Uwa ta zauna da ɗanta, ta bar shi ya ba ta labarin kwaɗonsa da Hausa, ita kuma ta rama masa da Gizo da Ƙoƙi. Matasanmu masu zane a waya su zana burduddugi da Dodo da Botorami, su ba su sunaye da halaye, su ɗora a wannan shafi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma yaron da bai samu labari a gida ba zai karɓa daga duk wanda ya miƙo masa.