Wasiƙa Zuwa Ga Injiniyoyin Lantarki Na Kanya Babba Da Kewaye

'Yan'uwa,

Aikinku ya ƙaru a yankin nan, tun daga Kanya Babba da Babura har Roni da Gwiwa: ga rijiyoyin burtsatse masu sola, ga inbata a asibitoci da makarantu, ga gyaran taransifoma. Shawarata ita ce ku shata sharuɗɗanku tun kafin ku taɓa waya.

Kada “ai an ɗauke wuta” ta sa ku hau falwaya. Layin KEDCO mai ƙarfin bolt 11,000 ko 33,000 yakan dawo ba sallama, kuma janaretan da aka haɗa babu canjoba yana tura wuta baya cikin layi. Ku karɓi izinin kashe layin, ku gwada shi da kanku, sannan ku ɗaure shi da wayar ƙasa. Farantin sola kuwa, muddin da rana da wuta a cikinsa. Idan an jera su da yawa ƙarfin yakan kai ɗaruruwan bolt, tartsatsinsa kuma ba ya saurin mutuwa.

Ku kula da ƙasarmu. Busasshen yashi ba ya karɓar wuta sosai, don haka sandar ƙasa guda ɗaya sau da yawa ba ta wadatarwa. Ku auna, ku ƙara, tun kafin tsawar damina. Da bazara zafi kan wuce digiri 40, sai ku hau rufin kwano da sassafe ko bayan la'asar.

Sai maganar takarda. Ɗan kwangila ya rubuta kuɗin aiki da ranar biya, da wanda zai kawo safar hannu, hular kwano da igiyar ɗamara. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF. Ku tambaya ko ana zubawa. Ku mallaki rajistar COREN ko shaidar NEMSA, domin mai takarda ya fi ƙarfin cewa a'a.

Ɗaliban da ke zuwa muku sanin makamar aiki daga Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu amana ce a hannunku. Duk inda ba za ku hau ba, kada ku tura su.

Allah Ya kiyaye tsautsayi.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a