Bututun Hayaƙi Ba Ado Ba Ne

Yayin da iskar gas ke ƙara samun gindin zama a gidajenmu, kuma ake dakon bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ana ta maganar yadda gas zai shigo gida, amma ba a cika jin mai tambayar ta ina hayaƙinsa zai fita ba. A ganina duk na'urar ɗumama ɗaki ko ruwan wanka mai aiki da gas, bututun hayaƙinta rabin jikinta ne, don haka bai kamata a bar girmansa ga kintacen magini ba.

Dalili kuwa yana cikin yadda wuta ke ci. Kowace mita kubik ɗaya ta gas na bututu tana buƙatar iska kusan mita kubik 10 kafin ta ƙone sarai. Idan iskar ta gaza, harshen wutar da ya kamata ya zama shuɗi sai ya koma rawaya, a samu kabon monoksaid, gubar da ba ta da wari ko launi, wadda jini ke kamawa fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Bututun da ya yi ƙanƙanta ba ya kwashe hayaƙi duka, ragowar sai ta dawo ɗaki. Wanda ya yi faɗi da yawa ma matsala ne: hayaƙi kan huce kafin ya kai baki, ƙarfin tashinsa ya mutu, tururin cikinsa ya zama ruwa mai cin ƙarfe. Shi ya sa ake auna faɗi da tsayi daidai da ƙarfin na'ura, a rage lanƙwasa, bakin kuma ya yi nesa da taga.

Ƙasashen sanyi sun sha wuya kafin su mai da wannan doka. A Birtaniya, dokar 1998 ta wajabta wa mai ba da haya ya sa a duba na'urorin gas da bututunsu kowace shekara, kuma tun 2009 sai mai rajistar Gas Safe ke da izinin irin wannan aiki. Wani zai ce wannan damuwar masu ƙanƙara ce, mu gidajenmu a buɗe suke. Wannan gaskiya ne a gidan ƙasa mai tsakar gida da murhu a waje. Amma benayen yau na tagogin gilashi ba sa numfashi, kuma in hunturu ya kankama a Jos ko Damagaram har kafar ƙofa akan toshe da tsumma. Iyalan da hayaƙin janareta ko kaskon gawayi ya hallaka cikin barci, wannan gubar ce dai ta ci su.

Masu kukan tsada kuwa su auna kuɗin 'yan mitoci na bututu da ƙararrawar gano guba da na fasa rufi daga baya, balle rai. Tun ran gini, tun ran zane. Hukumomin tsara birane su daina amincewa da taswirar gidan da za a sa wa irin wannan na'ura sai an nuna mashigar iska da mafitar hayaƙi, sannan a horar da masu haɗawa a ba su shaida.