Ba AI ne wawa ba, bayanin da ka rubuta masa ne ba shi da kai 🧵

1/ Jama'a, yau da 'yan kodin nake. Musamman masu haɗa ɗan aiken AI da manhajar tsara ayyuka, abu na kwaɓewa sai su fito nan suna cewa "wannan AI ɗin shirme yake." A'a malam. Buɗe mana bayanin da ka rubuta wa kayan aikin tukuna.

2/ Ga wanda bai san yadda abin yake ba: ɗan aiken AI ba ya ganin kod ɗinka. Abu uku ake miƙa masa: sunan kayan aikin, ɗan bayanin da ka rubuta, da guraben da zai cike, waɗanda ake tsarawa da JSON Schema. Haka OpenAI suka kawo shi a Yunin 2023, haka yake a MCP da Anthropic suka fitar a Nuwamban 2024.

3/ To sai ka ga mutum ya sa suna create_task, a gurbin bayani kuma ya rubuta "yana ƙirƙirar aiki." Wato sunan ya maimaita kawai 😭 Kamar ka aiki yaro Kantin Kwari ka ce "sayo min yadi", ba launi, ba yadi nawa, ba na maza ko na mata. Ya dawo da leshi ka hau shi da faɗa.

4/ Mu fara da kwanan wata, don nan aka fi yin ɓarna. Ka sa gurbi ka ce "ranar kammalawa", ba ka faɗi tsari ba. 03/04/2025 a wajenmu 3 ga Afrilu ne. A Amurka 4 ga Maris ne. Kusan wata guda a tsakani.

5/ Alhali akwai ISO 8601, tsarin da duniya ta yarda da shi: shekara, wata, rana. 2025-04-03. Layi ɗaya ne fa. Rubuta shi, ka sa misali a gefe, rigima ta ƙare.

6/ Ga kuma agogo. Najeriya da Nijar suna gaban UTC da awa 1. Ghana tana kan UTC ɗin, Sudan tana gaba da awa 2. Ɗaliba a Kano ta ce "tuna min jarrabawa ƙarfe 9." AI ya tura 09:00 tsirara, sabarka ta ɗauka UTC ne. Tunatarwa ta iso ƙarfe 10, an riga an rufe ƙofar aji. Ita ce za ta maimaita kwas ɗin, ba kai ba.

7/ Ban ma taɓo "gobe" da "jibi" ba. AI bai san yau nawa ga wata ba sai an faɗa masa. Balle a ce masa "bayan La'asar".

8/ Sai muhimmancin aiki. A manhajar Todoist, p1 shi ne mafi gaggawa. Amma a API ɗinsu lamba 4 ce gaggawa, 1 kuma aikin yau da kullum. Su sun rubuta hakan a takardunsu. Kai da ka naɗe abin ka miƙa wa AI, ka ce kawai "lamba daga 1 zuwa 4." Kowa zai ɗauka 1 ce ta gaba. Ka ga aikin da ya fi ƙona maka rai ya koma can ƙasan jeri.

9/ Wa za a ɗora wa aikin? Suna ake so ko lambar shaida? In suna ne, a rukunin da ke da Musa huɗu, wanne? In lamba ce, da wane kayan aiki zai nemo ta? Bayaninka shiru.

10/ Wanda ya fi ba ni haushi: maimaici. Kun san halin sabis ɗinmu. AI ya tura buƙata, aiki ya shiga, amma amsa ta maƙale a hanya. Shi a ganinsa bai shiga ba, sai ya sake. Ya sake. Yanzu aiki ɗaya ya zama uku, kowanne da saƙonsa a wayar mutum.

11/ Kuma ba sabuwar matsala ba ce. Stripe suna da Idempotency-Key don kada a ciri kuɗin mutum sau biyu. MCP ma a Maris 2025 sun ƙara alamomi irin su idempotentHint da destructiveHint, don kayan aiki ya faɗi ko maimaita shi na da illa. Gurbin yana nan, ku ne ba ku cikewa.

12/ Saƙon kuskure ma bayani ne, don AI yana karanta shi. Ka dawo masa da "400" kawai, me zai gyara? Ce masa kwanan watan ne ba daidai ba, ga tsarin da ake so. A gwaji na biyu zai dace.

13/ Na san me za ku ce: dogon bayani yana cin tokin, tokin kuma dala ce. Gaskiya ne, ana tura shi da kowace buƙata. Amma jimla biyar da kuma kira uku da suka faɗi, wanne ya fi tsada? Ba littafi na ce ku wallafa ba.

14/ Wasu kuma: "ai sababbin AI suna da wayo, za su gane." Wayo daban, duba daban. Ba boka ba ne da zai san 4 ce gaggawa a sabarka. Cinka zai yi, kuma ya gaya maka "an gama" hankali kwance. Wannan "an gama" ɗin ita ce masifar, don babu mai komawa ya duba.

15/ Gwajin ba ya buƙatar ko kwabo. Kwafi sunan, bayanin da guraben, ka tura wa abokinka da bai taɓa ganin kod ɗin ba. Ce masa ya tsara aikin jibi ƙarfe 9, mai gaggawa, na Musa. Duk tambayar da ya dawo maka da ita, ita ce AI ya cinka bai tambaye ka ba.

16/ Malamanmu masu duba furojek, don Allah a daina tsayawa kan nunin da ɗalibi ya gwada sau ashirin a ɗaki. A ce ya buɗe bayanin kayan aikin a gaban kowa, a kashe masa data a tsakiyar kira, a ga ayyuka nawa za su fito.

17/ Wanda yake ganin nasa bayanin ya tsallake duk wannan, ya liƙo shi a ƙasa 👇🏾 Daga gurbin kwanan wata zan fara.