Madugu Ba Ya Yada Zango Inda Ake Tatsarsa

Duk wanda ya tashi a Sabon Birni ko Isa ya san cewa shekara da shekaru shinkafar waje da atamfa da kayan gwanjo ta Maraɗi suke ɓullo mana. Nijar kuwa ba ta da teku. A Kwatano ko Lome ake sauke kayan nan, su yi doguwar tafiya a mota, kana su shigo mana ta bayan gida, alhali kuwa ga tashoshinmu a Ikko. To, me ya kori jiragen?

Kakanninmu fatake sun san amsar. Madugu yakan bar hanya, komai gajartarta, idan kuɗin fito ya yi yawa, ko 'yan fashi sun addabe ta. Kamfanin jiragen ruwa ma madugu ne. Abu uku yake dubawa, watau zurfin ruwan tasha, da yawan kwanakin da zai yi kafin a sauke masa kaya, da kuɗin da za a karɓa a hannunsa. Jirgin da ke tsaye yana jiran layi hasara yake yi kullum, hasarar kuwa a kan farashin kaya ake ɗora ta, talaka ya biya.

Ciwon nan ya daɗe. A 1975 ɗaruruwan jiragen siminti suka yi watanni suna jira a Ikko, har aka gina tashar Tin Can, aka buɗe ta a 1977. Daga baya cunkoso ya sake kama Apapa. A 2014 aka buɗe sabuwar matsayar kwantena a Lome, mai zurfin fiye da mita 16, da hannun kamfanin MSC a ciki. Manyan jirage suka riƙa juye kaya a can, ƙanana suna rarraba wa maƙwabta. Ya zuwa 2017 Lome ta wuce Ikko wajen yawan kwantena, ga shi kuwa mutanen Togo duka ba su kai na Jihar Kano ba. Kwatano ita ma ta ɗanɗana: bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe iyakar Benin, sai kayan Nijar suka koma Lome, suna bi ta Burkina Faso.

Mu kuwa maganin da muka nema shi ne rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Shinkafa ta yi tsada, 'yan fasa-ƙwauri suka koma hanyoyin daji, Gobirawan Sabon Birni da danginsu na Tsibiri suka sha wahalar zumunci da cin kasuwa. Ba ma goyon bayan fasa-ƙwauri, domin shi ke karya manomin shinkafa na fadamar Rima. Amma rufe iyaka bai ƙara wa Apapa zurfi ko da taku ɗaya ba.

Mun yaba da tashar Lekki mai zurfin mita 16.5 da aka buɗe a 2023, da hanyar dogo ta Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinta a 2021. Sai dai mu a nan, dogo ya tsaya a Ƙauran Namoda tun 1929, hanyar da ta taso daga can ta Shinkafi zuwa Isa da Sabon Birni kuwa 'yan bindiga sun sa direbobi suna tsoron binta. Babu attajirin da zai ɗora dukiyarsa a kan hanyar da ba shi da tabbacin yaran motarsa za su dawo. Saboda haka tilas ne gwamnati ta fara da tsaron hanya.

Saura kuma namu ne, 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata. Gobe mu ne za mu zauna a ofisoshin kwastan da na tashoshi. Duk takardar da muka danne har kwana uku muna jiran na goro, mu sani wani jirgi muka kora zuwa Lome, kuma iyayenmu ne za su biya kuɗin zagayen a kasuwar Isa.